Akwaya da Ɗorawar Mama

Mamana tana da itatuwan ɗorawa huɗu, amma ba ta da ko taku ɗaya na ƙasar da suke tsaye a kai. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga abin kamar shirme, mu kuwa haka muka buɗe ido muka tarar: gona daban, itace daban. Itatuwan suna gefen hanyar Kona, can bayan gidajen ƙarshe na Jalingon wancan lokaci, kuma daga hannun uwarta ta gaje su. Ƙasar kam ta sha sauya hannu. Kawunta ne ya sayar wa wani dattijo mai fataucin shanu, dattijon ya rasu ɗansa ya gada, ɗan ya taɓa ba wani manomin doya aro, ya taɓa jinginar da ita ya dawo ya fansa. Duk wannan bai taɓa hana Mama zuwa ta kaɗe ɗorawarta idan ta nuna ba. In ta yi daddawa sai ta aika wa mai gonar da ta miya. Babu takarda, babu shaida, kowa dai ya sani.

Da kalwar itatuwan nan ta riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba. Ta dafa, ta sussuka, ta kai rafin Lamurde ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando har ta ruɓa. Ni warin daddawa tun ina ƙarama na tsane shi, don a aji an sha ce mini in matsa can, kuma na sha yin dambe a kan haka. Amma warin nan ne ya kai ni makarantar koyon buga tafireta, wannan ban isa in musa ba.

Sai aka ba mu jiha. Jalingon da muka sani, garin da in baƙuwar mota ta shigo kowa sai ya san ƙofar gidan da ta tsaya, ya wayi gari babban birni. Ma'aikata suka dinga kwararowa daga Yola da katifu a saman motoci, wasu suna kwana a ofis, wasu a barandar shaguna. Ɗakin da muke ajiye kaji ma sai da wani ya leƙo ya tambaya ko na haya ne. A bakin kowa magana ɗaya ce, samu. Wane ya samu aiki, wance ta samu gida, wancan ya samu kwangila. Ni ma na samu, aka ɗauke ni mai buga tafireta a wani ƙaramin ofis, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na sayi takalmi mai tsini, ina tafe ina ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa sai ka ce da ni aka yi shawarar ba da jihar.

A ƙarshen ranin da ya biyo baya, lokacin da ɗorawa ta zubar da jajayen furanninta ta fara fito da siraran 'ya'ya, Mama ta je dubawa kamar yadda ta saba. Ta dawo da wuri. Ko ruwa ba ta sha ba ta tsaya a kaina ina wanki.

"Sun kafa ƙarfe a gonar," in ji ta. "Da rubutu a jiki. Gobe in an tashi coci za ka je ka karanta mini."

Haka Hausar Mama take, ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ni 'yarta ta cikinta "kai" take ce mini, kuma duk gyaran da na yi mata a banza. A gida yarenmu muke yi, amma da zarar magana ta shafi hukuma sai ta juye Hausa, a ganinta ita ce yaren da hukuma take ji.

Washegari muka tafi, ni da takalmin cocina a hannu don hanyar duk yashi ce. Allo ne fari a kan ƙarfe biyu, an kafa shi daf da babban itacen. A sama an taƙaita sunan wata hukuma da ban taɓa ji ba, don a lokacin kullum sai an haifi sabuwa. A tsakiya, da manyan baƙaƙe, kalma ɗaya: ACQUIRED. A ƙasa kuma gargaɗi, kada kowa ya yi gini ko noma a wurin.

"Me ya ce?"

"Ya ce an yi akwaya ɗin filin nan."

"Akuya?"

"Akwaya, Mama. Turanci ne."

"Ai na san ba yarenmu ba ne. Da Hausa fa?"

Na ce, "An samu filin."

Ta dube ni, ta dubi filin, ta ce, "Dama ya ɓata ne?"

Na so in yi dariya amma fuskarta ta hana ni. Ta gyara tsayuwa ta fara bi da ni ɗaya bayan ɗaya. In saye ne in faɗa mata, ta san saye, an yi shi a gonar nan tana budurwa kuma itace bai bi ƙasa ba. In gado ne ta san shi. In aro ne ko jingina, su ma sun zo sun wuce ta tana nan. In kuma ƙwace ne, to in fito fili in ce ƙwace, ta san mai ƙwace ba ya bari, sai ta koma gida ta yi kukanta ta share hawaye. Abin da take so ta sani ɗaya ne, ɗorawa ta kusa nuna, za ta zo ta kaɗe abinta ko ba za ta zo ba.

Abin haushin, kalmar ba baƙuwata ba ce. Kusan kowane mako sai na buga ta a ofis, da takardar kabon a ƙasa: an yi akwaya ɗin motoci, an yi akwaya ɗin kujeru, an yi akwaya ɗin gidaje don manyan ma'aikata. Yatsuna sun san ta, ba na ko duba maɓallan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga hannun wa abubuwan suke fitowa ba. Na ce mata ta ba ni lokaci in bincika. Ta ce ɗorawa ba ta jiran bincike, amma to.

A makaranta, cikin Turancin samu, get muka fi sani. Shi ɗan gida ne, da shi ake samun ruwa, a samu mura, a samu bulala. Obtain kuma na takardu ne, shi ake sa wa takardar shaidar gama makaranta da izinin tafiya. Acquire an koya mana shi ne a jerin kalmomin da ake ƙawata insha'i da su, malaminmu ya ce duk wanda ya sa shi a inda wani ya sa get zai fi maki. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma da shi nake taƙama.

Ran Litinin, kafin ogana ya iso, na sauko da ƙamus ɗin da ke saman kabad ɗinsa, wani tsoho mai yagaggen bango. Na bi da yatsa har na same ta. Ma'anar ba ta da tsawo: abu ya zama naka, ko ta ƙoƙarinka, ko ta saye, ko ta wata hanya. Misalan kuwa duk masu daɗin ji, mutum ya koyi sabon harshe, ya tara ilimi, ya saba da wani abinci. Na karanta, na koma sama na sake karantawa. Ko'ina mai samu kaɗai ake gani. Wanda abin yake hannunsa kafin nan ba shi da wuri a cikin kalmar, ko kujerar baya ba a ajiye masa ba. A Hausa in ka ce ka samu abu, kafin ka rufe baki wani ya tambaye ka a ina. Saye yana da mai sayarwa, aro yana da mai bayarwa, ƙwace ma yana da wanda aka bari yana kuka. Wannan kuwa hannu ɗaya gare ta, mai karɓa. Kuma yadda aka rubuta ta a allon, an riga an gama, ba a ce ana nema ba, ba a ce za a yi ba.

A haka oga ya tarar da ni. Dattijo ne mutumin Yola, mai sanyin hali, ba ya kirana sai da ɓingel am, wato 'yata.

"Ɓingel am, yau ƙamus ake ci da safe?"

Na gaishe shi, na faɗa masa komai. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ai samu ne," in ji shi, "amma samun manya. Ni da ke muna get, hukuma tana acquire."

"Ranka ya daɗe, da saye ne ko da ƙwace?"

"Da doka."

"To itatuwan fa? Ƙasar ba tamu ba ce, ba mu da magana a kanta. Itatuwan ne na Mama."

Na ga alama a garinsu ma an san irin wannan, don bai ce shirme nake yi ba. Ya ce shi a saninsa takardar Turanci ba ta raba ƙasa da abin da ya tsiro a kanta, amma kuma bai ga babban mutumin da zai bar ofis ya je yana gadin ɗorawa ba. Ya ce in je in ga mai gonar, tunda da shi aka yi magana, ya fi kowa sanin abin da aka ƙulla.

Wato dai amsa biyu ya ba ni a baki ɗaya. Na koma kan tafireta na buga wasiƙa guda har sau nawa, kuskure a kan kuskure, har masinja ya tambaye ni ko zazzaɓi nake ji.

Daga ranar, kullum na dawo gida tambayar Mama ɗaya ce, tun ban cire takalmi ba.

"Ka samo Hausar akuyan?"

Ta san sarai ba akuya ba ce, tsokana ce kawai, amma tsokanar ba ta kai idonta. Na gwada mata "mallaka", ta ce mallaka ai ƙarshen magana ce, ita farkon take tambaya, ta yaya aka mallaka. Na gwada "karɓa", ta ce wa ya miƙa. Da na koma kan "samu" sai ta ce wanda ya samu abu, ko dai an ba shi ko wani ya yar, ita ba ta bayar ba, ba ta yar ba, in kuma tsintuwa suka yi to su yi cigiya. Ranar na fusata na ce mata ni ba ni na ƙirƙiro Turanci ba, ta bar ni in sha ruwa. Ta ce ai ba ta ce ni na ƙirƙiro ba, ta dai biya an koya mini.

Tsoro nake ji, shi ya sa nake faɗa. A kasuwa ana ta labarin wai an kai wata mata ofishin 'yan sanda don ta yi itacen girki a wani fili mai irin wannan allo. Ban san gaskiyar labarin ba, kowa da unguwar da yake cewa abin ya faru. Amma da na rufe ido sai in ga Mama zaune a bayan kantar 'yan sanda, ɗankwalinta a karkace, ana rubuta cewa ta yi sata. In na ce mata ta je, aka kama ta, bakina ne ya kai ta. In na ce kada ta je, alhali ba wanda zai hana ta, to ni na raba ta da gadon uwarta da abincin shekara, a kan kalmar da ni kaina ban gane ba. Ga zafin bazara ya sauko, irin wanda kwano ke ƙara a kan rufi da tsakar rana, kuma zafin nan shi ke nunar da ɗorawa.

Mai gonar na same shi a ƙofar gidansa wata yamma, ya dawo daga kasuwar shanu ta Iware, ƙafafunsa duk ƙura. Mutum ne da ya girma yana cin miyar daddawarmu. Da ya gan ni ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya tambayi lafiyar Mama har sau biyu, daga nan na san akwai magana.

"Alhaji, a kan allon nan na zo."

"Na sani, Malama. Wallahi ina ta niyyar zuwa wajen Mama, kunya ce ta riƙe ni."

Ya ce ba a tambaye shi ko zai sayar ba. Mutane ne suka zo da mota da abin awo, suka ce an ɗauki wurin, za a sallame shi a kan abin da ke ciki. Suka zagaya suna ƙirga duk abin da yake tsaye, har da 'yar bukkar da manomin doya ya bari, suna rubutawa. Da suka zo kan ɗorawa suka ƙirga ta ita ma.

"Ka ce musu taka ce?"

"Ban ce tawa ce ba."

"Ka ce musu ba taka ba ce?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. "Ba su tambaya ba, Malama. A takardarsu layi ɗaya ne, mai fili. Ba inda za a rubuta mai itace."

Nan fa na manta a gidan mutane nake. Na ce masa baki gare shi ko ba shi da shi, da ya ga ana ƙirga itacen tsohuwa me ya hana shi tari ma. Na ce shekara nawa tana aiko masa da daddawa, ko sau ɗaya ta taɓa fashi? Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita su a nan ba, har matarsa ta leƙo ta labule. Bai rama ba. Da na gaji na yi shiru, ya ce abin da aka ba shi na itatuwan yana nan ya ware, bai taɓa ba, in ɗauka in kai wa Mama, ko shi ya kai da kansa ya ba ta haƙuri. Na tambaye shi abin da ya kawo ni, ko Mama za ta iya zuwa ta kaɗe ta bana. Ya buɗe hannuwa ya ce shi yanzu ko ciyawa ba shi da ikon cewa a yanka a wurin, kuma ba shi da ikon hanawa.

Na zo na zayyana wa Mama duka, ban rage komai ba. Tana tsince tsakuwa daga ragowar kalwar bara, ba ta ɗago ba har na gama.

"Ka koma ka ce masa ya riƙe abinsa," in ji ta. "In na karɓa, na sayar ke nan. Ni ban sayar ba."

"Mama, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, a wajensu an gama."

"Allon ya ce kar a yi me?"

"Gini da noma."

"Ya ce kar a kaɗe ɗorawa?"

"Bai ce ba."

"Akuyan nan, a cikin littafin ogan naka, an ambaci itace?"

"Ba a ambata ba. Amma ba a ambaci komai ba, Mama, shi ne matsalar. Kalmar ba ta faɗin abin da ta ɗauka da abin da ta bari."

"To wanda bai ambaci abu ba, bai ci shi ba. Ran Asabar zan je."

Na yi magiya, na yi faɗa, na ce ta bari in ƙara tambaya. Ta ce na tambayi littafi, na tambayi oga, na tambayi mai gona, saura wa, sai dai in tambayi allon. Gaskiyarta ce. Na ce to ba za ta je ita kaɗai ba.

Ran Asabar da sanyin safiya muka kama hanya, ita da doguwar gorarta mai ƙugiya a kafaɗa, ni da buhuna. Tun daga nesa na hango abin da babu shi wancan zuwan. An ja waya mai ƙaya ta gefen titi, an bar wata 'yar ƙofa, bayan filin kuwa a buɗe yake har daji. Na ce mu zagaya ta baya. Mama ta harare ni ta ce ita ba ta taɓa shiga wurin nan ta baya ba, ta nufi ƙofar kai tsaye.

A gindin babban itacen akwai benci, a kan bencin akwai maigadi, wani tsamurmurin dattijo da tsohuwar rigar kaki. Ya buga ƙusa a jikin itacen ya rataye rediyonsa. Na ga idon Mama ya tsaya a kan ƙusar. Sama kuwa ɗorawa ta yi 'ya'ya kamar ba ta taɓa yi ba, sun nuna sun yi ja, suna reto a kan kowane reshe.

Ta gaishe shi yadda take gaida duk wanda ta tarar a gonar, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali. Sannan ta ce, "Na zo ɗorawana."

Bai gane ba. Ba ɗan yankin ba ne, Hausarsa ma ba ta kai ta Mama ba. Na sa baki na yi masa bayani, tun daga kakata har zuwa allon. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ya ce shi ba wanda ya yi masa maganar itace, an dai ce kada ya bar kowa ya shigo. Ya dubi Mama, ya dubi furfurarta, ya dubi sama. Mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba.

"Mama, ɗebi," in ji shi. "Ba mai so, zubewa zai yi. Amma ku yi sauri. Manya suna zagayowa ran Asabar, in sun gan ku a ciki aikina ya tafi."

Jinina ya hau. Na fara cewa ba roƙo muka zo ba, ba kuma alfarma muke nema ba, sai Mama ta ɗaga mini hannu. Ta kalli maigadin, ta kalli titi, ta ɗaga gorarta.

Tun ina goye nake ganin Mama tana kaɗe ɗorawa, ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ita da take zaɓa, ta karkata kai ta duba kafin ta sa ƙugiya, ta bar ɗanya sai zuwa na biyu, ita da take buge mini hannu in na tsinko wadda ba ta nuna ba, ranar fizga kawai take yi. Nunanniya da ɗanya, har da ganye da ƙananan rassa, duk suna zubowa. In ta fizga sau biyu sai ta waiga titi. Ni ina durƙushe ina tarawa a buhu, ni ma ina waigawa. Maigadin ya rage muryar rediyonsa ya je ya tsaya a bakin waya yana duba mana hanya.

Buhun farko bai cika ba muka ji ƙarar mota daga wajen gari.

Kafin in ɗago, Mama ta saki gorar. Ta finciki buhun daga hannuna ta ja shi bayan itacen, ta tsuguna a kansa ta baza zaninta ta rufe, ta dunƙule ta manna kanta da jikin itacen. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda in za ta zauna a coci sai na riƙe mata hannu. Ina tsaye a fili kamar gunki ina kallon tafin ƙafarta ya leƙo ta gefen saiwa.

Akori-kura ce. Ta fito daga kwana cike da mata da kwanduna, ta wuce Kona abinta, ko waigowa ba wanda ya yi.

Ƙarar ta yi nisa har ta ɓace, Mama ba ta motsa ba. Sai da na je na taɓa kafaɗarta na ce, "Sun wuce, ba su ba ne." Ta dafa itacen ta miƙe a hankali. Ɓawon ya yi mata zane a goshi. Maigadin ya juya mana baya yana gyara wayar da ba abin da ya same ta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki, da fushin da na rasa wanda zan sauke wa. Ba wanda ya kore mu, ba wanda ya zage mu, ba wanda ya ce mata ɓarauniya.

Ta kakkaɓe zaninta, ta daɗe tana kakkaɓewa. Ba ta kalle ni ba.

"Ɗaure, mu tafi."

"Mama, ko rabin wannan ba mu yi ba. Sauran ukun ko taɓa su ba mu yi ba."

"Na ce ka ɗaure."

Na ɗaure bakin buhun na ɗora a kai. Mun fita ƙofar mun hau titi sai maigadin ya biyo mu da ɗan gudu, yana cewa Mama ta manta sandarta. Na juya zan karɓo. Ta riƙe mini hannu, ta ce in bar masa.

Har na yi aure na bar gida ba a aza ko bulo ɗaya a filin nan ba. Allon ya yi tsatsa, wayar ta zube, aka daina ganin maigadi. Itatuwan suna nan suna 'ya'ya duk shekara, yara da masu wucewa suna sha. Mama ta ci gaba da daddawarta, tana auno kalwa a kasuwa wajen matan Sunkani. Na sha ce mata yanzu fa ba kowa a wurin, mu je, sai ta kawo wata maganar. In za mu Kona gaisuwa ko biki, daga cikin mota ana hango su sarai ta hannun dama. Tun a tasha take cewa a ba ta kujerar hagu.